Babi na Shida: Raunin Matsi a Injin Rota da Yadda Ake Gano Tushensa

Matsi, wanda kanikawa suke kira kwamfureshan, shi ne dannewar da inji yake yi wa cakuɗen iska da fetur a cikin ƙuntataccen wuri kafin fulogi ya ba da wuta, kuma ƙarfin kowane inji mai ƙona fetur a cikinsa ya rataya ne a kan iyawarsa ta riƙe wannan iska ba tare da ta sulale ta wata kafa ba. A injin fistan, wanda shi ne a cikin kusan kowace motar da ke bisa titi, awon matsi aiki ne mai sauƙi, domin ana cire fulogi ne a ɗaura geji a raminsa, a murza makulli, a karanta lamba ɗaya ga kowace silinda. Injin rota kuwa, wanda injiniyan Jamus Felix Wankel ya ƙirƙiro, aka kuma fara tayar da samfurinsa a kamfanin NSU a shekarar 1957, ba a auna shi da wannan sauƙin, saboda lambar da geji ya nuna a kansa ba ta da ma'ana sai an san saurin da injin ya juya a lokacin awon, da zafin jikinsa, da tudun garin da aka yi awon, da kuma ko wane ɗaki ne daga cikin ɗakunan ƙonewarsa ya ba da lambar. Sakaci da waɗannan sharuɗɗa yana jawo asara iri biyu: ko dai a sauke inji mai sauran rai alhali laifin na batir ne ko na sitata, ko kuma a sayi motar da injinta ya riga ya ƙare bisa dogaro da awon da ba a yi shi bisa ƙa'ida ba. Misalan wannan babi an ɗauko su ne daga injin 13B na kamfanin Mazda, musamman nau'in Renesis da ke cikin RX-8, wadda aka ƙera daga 2003 zuwa 2012, kuma ita ce mota ta ƙarshe da kamfanin ya fitar kasuwa wadda injin rota yake juya ƙafafunta kai tsaye.

Kafofin da iska take bi ta tsere

Injin rota ba shi da fistan, ba shi da bawul a ɗakin ƙonewa, ba shi da kamshaf. Abin da yake da shi shi ne rota, wato dunƙulen ƙarfe mai kusurwa uku wanda gefunansa suka ɗan kumburo waje, yana juyawa a cikin wani gida na alminiyam da ramin cikinsa ya yi kama da ɓawon gyaɗa mai ƙwaya biyu, da faɗi sama da ƙasa, da ɗan tsukewa a tsakiya. Farantai biyu na ƙarfen zubi suna rufe gidan ta gaba da ta baya, sandar tsakiya mai ƙusumbi kuma tana ratsa rotan, ita take karɓar ƙarfin juyawa ta miƙa wa giya, tana yin juyi uku a duk juyi ɗaya na rota. Da yake tsinayen rota uku ba sa rabuwa da bangon gidan, sararin ciki ya kasu ɗaki uku, kowane ɗaki yana faɗaɗa yana tsukewa yayin da yake zagayawa, ya shaƙi iska a wani sashe, ya matse ta a wani, wuta ta kama, sannan ya amayar da hayaƙi. Injin 13B rota biyu gare shi, na gaba da na baya, kowane ɗaki yana ɗaukar cc 654, don haka ɗakunan da ake buƙatar sanin lafiyarsu shida ne, alhali duk ɗakuna ukun rota ɗaya ta gaban ramin fulogi ɗaya suke wucewa, ɗaya bayan ɗaya.

Abin da yake raba ɗaki da ɗaki shi ne matosai, waɗanda a gareji ake ce wa sil, kuma iri uku ne. Matoshin tsini siririn ƙarfe ne, mai kaurin milimita 2 a injinan da Mazda ta yi tun daga 1986, yana zaune cikin tsaga a kan kowane tsini, sifirin yana turo shi daga ƙasa domin ya riƙa gogar bangon gidan da aka lulluɓe da kurom. Matoshin gefe lanƙwasasshen ƙarfe ne da yake bin gefen kowace fuskar rota ta gaba da ta baya, yana gogar faranti. Matoshin kusurwa kuwa ɗan guntu ne kewayayye da yake cike gurbin da waɗancan biyu suka haɗu. Akwai abu biyu a nan da duk binciken da zai biyo baya ya doru a kansu. Na farko, kowane matoshin tsini katanga ce tsakanin ɗaki biyu, amma matoshin gefe na ɗaki ɗaya ne tak. Na biyu, idan inji yana gudu, ƙarfin juyawa da ƙarfin wutar da ke ci a ɗaki suna taya sifirin manna matosai da bango, amma a lokacin da sitata take juya shi a hankali kusan sifirin ne kaɗai yake wannan aiki, shi ya sa inji mai raunin matsi yakan yi gudu lafiya a babban titi, sai wajen tashi da tsayuwa a sulo ne asirinsa yake tonuwa.

Tarihin injin kusan gaba ɗayansa tarihin matoshin tsini ne. Motar NSU Ro 80, wadda ta fito a 1967 har ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1968, matosanta sun riƙa cinyewa da wuri, kuɗin musanya injina ga masu saye ya karya tattalin kamfanin, a 1969 kuma Volkswagen ta mallake shi ta haɗe shi da Auto Union. A birnin Hiroshima na Japan, kamfanin Toyo Kogyo, wanda daga baya ya koma Mazda, ya sayi lasisin ƙera injin a 1961, sai injiniyoyinsa suka tarar matoshin yana karkarwa yana barin zane-zane a jikin bango, zanen da suka laƙaba wa farcen shaiɗan. Kenichi Yamamoto da injiniyoyi 47 da aka ba shi a 1963 sun shawo kan matsalar da matoshin da aka haɗa da kabon da alminiyam, aka fitar da Cosmo Sport a 1967, har a 1991 motar 787B mai rota huɗu ta lashe tseren sa'o'i 24 na Le Mans a Faransa. Wannan nasara ta nuna cewa injin yana da juriya idan an ba shi haƙƙinsa, amma matosai suna nan a matsayin wurin da ya fi saurin gazawa, kuma awon matsi ita ce hanya mafi inganci ta sanin halin da suke ciki ba tare da an buɗe injin ba.

Lamba shida, ba ɗaya ba

Gejin matsi na injin fistan yana da ɗan bawul a bakinsa da yake barin iska ta shiga ya hana ta fita, domin allura ta hau ta tsaya a kan lamba mafi girma. A silinda wannan daidai ne, tunda ɗaki ɗaya ake aunawa. A injin rota kuwa ɗaki uku ne suke hura gejin bi da bi, saboda haka allurar za ta tsaya ne a kan matsin ɗakin da ya fi lafiya, ta ɓoye sauran biyun ko da ba su riƙe komai ba. Rota mai karyayyen matoshin tsini zai iya nuna lamba mai kyau a irin wannan geji, domin fuska ɗaya da ta rage lafiya ta isa ta ɗaga allura. Gejin da aka yi musamman domin rota na lantarki ne, yana kama kowane bugu daban, ya nuna lamba uku ga kowane rota tare da saurin juyawar injin a lokacin. Inda babu shi, ana iya kwance ɗan bawul ɗin gejin fistan domin allura ta riƙa hawa da sauka da kowane bugu, a ɗauki bidiyonta da waya a kalla a hankali. Wannan dabara tana nuna ko bugun ukun sun yi daidai da juna, kuma wannan ba ƙaramin sani ba ne, amma ba ta ba da lambar da za a gwada da ƙa'idar kamfani, don haka bai kamata a yanke hukuncin sauke inji ko na sayen mota a kanta ita kaɗai ba.

Littafin gyara na Mazda ya tanadi ƙa'ida ga RX-8 da ma'aunin kilofaskal, wanda ake taƙaitawa kPa. Inji lafiyayye yana ba da kPa 830, kimanin psi 120, mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi kuma kPa 680 ne, kimanin psi 99, duka biyun a saurin juyi 250 a minti ɗaya. Bambanci tsakanin ɗakunan rota ɗaya kada ya wuce kPa 150, tsakanin rota na gaba da na baya kuma kada ya wuce kPa 100. Tsarin awon shi ne a ɗumama injin har ya kai cikakken zafinsa, a kashe shi ya huta kimanin minti 10, a cire soket ɗin na'urar da take karanta juyawar sandar tsakiya domin kwamfutar mota ta daina sakin fetur da wuta, a cire fulogi ɗaya daga kowane rota, galibi na sama, tunda kowane rota fulogi biyu gare shi, a ɗaura geji, a take totur har ƙasa, sannan a juya injin na daƙiƙa 5 zuwa 10. Taka totur ba ƙawa ba ce, domin injin da aka rufe wa hanyar shaƙa ba zai sami isasshiyar iskar da zai matse ba, sai ya ba da lamba ƙasa da gaskiyarsa.

Sharaɗin juyi 250 shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ya fi kowanne tasiri. Babu injin da ba ya ɗan zubar da iska, kuma yawan abin da ya zube ya danganta da tsawon lokacin da iskar ta yi a matse. A injin fistan matsewa tana ɗaukar digiri 180 na juyin karanshaf, a injin rota kuwa digiri 270 na juyin sandar tsakiya take ɗauka, wato a juyi 250 a minti ɗaya fistan yana gama matsewa cikin kashi 12 cikin 100 na daƙiƙa, rota kuma sai ya kai kashi 18. Ga ƙarin lokaci, ga kuma layin matosai mai tsawo da gaɓoɓi da yawa, shi ya sa ɗan canji a saurin sitata yake motsa lambar sosai. Alal misali, injin da ya nuna kPa 640 a juyi 200 saboda batir ya yi sanyi yana iya haye ƙa'ida idan an mayar da lambar zuwa juyi 250 bisa jadawalin da ke cikin littafin gyara, injin da kuma ya nuna kPa 700 a juyi 300 da sabuwar sitata mai ƙarfi yana iya faɗuwa ƙasa da ita. Mazda da kanta ta fitar da sitata mafi ƙarfi ga RX-8 bayan ƙorafin wahalar tashi a motocin farko, kuma wannan sitata tana taimakon mai mota ƙwarai, sai dai tana iya rufa wa gajiyayyen inji asiri a gaban mai saye. Duk takardar awon da ba a rubuta saurin juyi a jikinta ba, ba abin dogaro ba ce.

Zafi ma yana da nasa hukuncin, kuma a nan injin rota ya saɓa wa abin da aka saba gani a injin fistan, wanda matsinsa yakan ƙaru idan ya ɗumama. Gidan rota alminiyam ne, matosai da rota kuwa ƙarfe ne, alminiyam kuma ya fi ƙarfe buɗewa idan ya ji zafi, don haka tazarar da ke bakin matosai takan ƙaru, man inji kuma ya tsinke ya rage cike ƙananan kafofi. Sakamakon shi ne tsohon injin rota yakan nuna lamba mafi kyau da sanyi fiye da da zafi, kuma wannan ne asalin alamar da masu RX-8 suka fi sani, wato mota ta tashi da safe da bugu ɗaya, amma idan aka tsaya shan mai bayan doguwar tafiya sai ta yi ta juyi ba ta kama ba har sai ta huce. Awon da aka yi wa inji mai sanyi ya kauce wa ainihin yanayin da matsalar take bayyana. Haka nan tudun gari, domin inji abin da ya shaƙa yake matsewa: nauyin iska a bakin teku kimanin kPa 101 ne, a gari mai tudu kamar Jos, wanda yake kimanin mita 1,200 sama da teku, yana kusa da kPa 88, ragin kusan kashi 13 cikin 100 ke nan. Injin da zai ba da kPa 750 a Legas zai nuna wajen 650 a can, lambar da take ƙasa da ƙa'ida alhali babu abin da ya same shi.

Akwai kuma shaƙewa da fetur, wadda take kwaikwayon mutuwar inji fiye da komai. Idan aka tayar da injin rota da sanyi aka kashe shi nan take, kamar wanda ya matsar da mota daga bakin ƙofa kawai, fetur mai yawa da kwamfuta take saki a lokacin sanyi yakan kwanta a ɗakuna bai ƙone ba, ya wanke siririn man da yake tsakanin matosai da bango, wanda shi ne yake cike ragowar tazara. Washegari sai a ji sitata tana juya injin da sauri sumul, babu wannan tsalle-tsallen sauti na inji mai matsi, idan an ciro fulogi kuma a same shi baƙi, jiƙe sharkaf, yana warin fetur. Geji a wannan hali zai nuna lambobi masu tayar da hankali a duk fuskoki shida. Maganin shi ne a busar ko a canja fulogi, a juya injin da totur a ƙasa, wanda a RX-8 yake sa kwamfuta ta yanke fetur, a ɗiga ɗan man inji ta ramin fulogi idan ta kama, a tayar da motar a yi tafiya da ita har ta yi zafi sosai, sannan a auna. Lambar da aka samu kafin wannan ba ta shiga lissafi.

Abin da tsarin lambobin yake nunawa

Bayan an kawar da duk waɗannan, sai a dubi yadda lambobi ukun kowane rota suka jeru, domin jeruwarsu ta fi girmansu bayani. Idan biyu sun faɗi ƙwarai ɗaya ta tsaya, misali 760 da 300 da 310, to matoshin tsini ɗaya ne ya gaza, tunda shi ne katangar da ɗakuna biyun suka yi tarayya a kanta, iska tana tsallakawa daga wannan zuwa wancan, na ukun kuma da yake tsakanin lafiyayyun matosai biyu bai ji komai ba. Idan ɗaya ce ta faɗi biyu suka tsaya, misali 760 da 750 da 480, zargi yana kan matoshin gefe na wannan fuska, ko ya maƙale a tsagarsa ko sifirinsa ya kwanta. Matoshin kusurwa da ya lalace yakan taɓa ɗaki biyu shi ma, amma faɗuwar ba ta kai ta tsini ba. Idan duka ukun sun sauka tare kuma sun yi kusa da juna, wannan tsufa ne na bai ɗaya: matosai sun cinye, sifirin sun gaji, kurom ɗin bango ya sirance ko ya fara ɓarewa a gefuna, ko farantai sun yi zurfi a inda matoshin gefe yake bi. Idan kuwa rota ɗaya bai ba da komai ba a fuskoki uku, to aƙalla matosan tsini biyu sun tafi, galibi saboda ɓarɓashin na farko ya zagaya ya karya na biyu. Har kunne yana iya kama wannan tsari, domin idan an cire fulogi aka juya inji, lafiyayyen rota yana hura iska da bugu masu ƙarfi ɗaya, kusan huɗu a daƙiƙa, mai karyayyen tsini kuwa sai a ji bugu ɗaya mai ƙarfi biyu raunana suna maimaituwa.

Tambayar da ta fi tsada ita ce ko matoshin karyewa ya yi ko maƙalewa, domin maƙalalle yana iya dawowa ba tare da an buɗe inji ba. Kunkunniyar da take taruwa daga ƙonewar fetur da mai tana shiga tsagar matoshi ta daskare, ta riƙe shi har sifirin ya kasa turo shi, kuma hakan ya fi samun motar da ba ta yin doguwar tafiya, ko wadda ake lallaɓawa ba a barin injinta ya hau juyi mai yawa, ko wadda ta daɗe a ajiye. Maƙalewa takan ba da faɗuwa matsakaiciya da takan canja daga awo zuwa awo, karyewa kuwa takan ba da faɗuwa mai zurfi da ba ta motsi, kuma sau da yawa mai motar yana iya tuna lokacin da ƙarfi ya ɗauke farat ɗaya, inji ya fara girgiza a sulo. A injinan RX-7, magabaciyar RX-8, waɗanda ƙofar fitar hayaƙinsu take jikin bangon gida, ana iya kwance bututun salansa a leƙa da madubi, a juya inji da hannu har kowane tsini ya zo bakin ƙofar, a danna matoshin da ɗan tsinke mai laushi a ji ko yana dawowa. A Renesis an mayar da ƙofofin hayaƙi jikin farantan gefe, wanda ya rage fetur ɗin da yake fita bai ƙone ba, amma ya toshe wannan hanyar leƙe, sai dai a zura siririyar kyamara ta ramin fulogi na ƙasa. Wannan canji ya kuma sa matosan gefe suna wucewa kusa da ƙofa mai tsananin zafi a kowane zagaye, shi ya sa gazawarsu ta fi yawa a RX-8 fiye da a magabatanta. Inda alamu suka karkata ga maƙalewa, ana zuba maganin narkar da kunkunniya a bar shi ya jiƙa, a yi tafiya mai zafi, a sake awo, lambar ta biyu ce za ta raba gardama.

Gwajin nan da aka saba yi wa injin fistan, na zuba mai a silinda a sake awo domin a bambance laifin ringi da na bawul, amfaninsa kaɗan ne a nan. Tunda babu bawul, duk wata kafa a injin rota ta matosai ce, mai kuma zai ɗaga lambar kusan kowane inji, mai lafiya da gajiyayye. Abin da kawai yake tabbatarwa shi ne, idan fuska ta ƙi motsawa ko da an zuba mai, to ɓarnar ta wuce tazara ta kai karaya.

Wata cuta kuma geji ba ya ganinta sosai, ita ce ta zoben roba da yake tsakanin gidan rota da farantai yana hana ruwan sanyaya inji shiga ɗakin ƙonewa. Injin rota jeri ne na alminiyam da ƙarfe da aka ɗaure da dogayen kusoshi, zafin da ya wuce kima ko sau ɗaya yana iya lanƙwasa gida ko ƙona zoben. Alamominsa su ne raguwar ruwa ba tare da an ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi mai ɗan zaƙin wari da gargada a tashin safe, da kumfa da take tasowa a tankin lagireto yayin da inji yake aiki. Irin wannan inji yana iya ba da lambobin matsi masu kyau, don haka gwajin matsa iska a hanyar ruwa dole ne ya biyo bayan awon matsi a duk motar da aka san ta taɓa tafasa.

Daga alama zuwa sanadi

Gano matoshin da ya gaza rabin aiki ne, domin matosai ba kasafai suke mutuwa haka kawai ba. Injin rota an ƙera shi ne ya riƙa shan mai da gangan: wani ɗan famfo yana auna man inji yana ɗiga shi cikin ɗakuna domin ya shafe matosai, sannan ya ƙone tare da fetur. Idan famfon ya raunana, ko siraran bututunsa suka toshe, ko mai mota ya bar mai ya ƙare saboda bai san injin yana shansa ba, matoshin tsini zai riƙa gogar busasshen bango. RX-8 ta farko tana da bakin ɗiga mai biyu a kowane rota, a samfurin 2009 Mazda ta ƙara na uku a tsakiya domin tsakiyar matoshin ya sami rabonsa, a Amurka kuma ta tsawaita garantin injin motocin 2004 zuwa 2008 zuwa shekara 8 ko mil 100,000, matakai biyu da suke nuna girman matsalar. Masu irin waɗannan motoci da yawa suna ƙara ɗan man inji mai bugu biyu, irin na babur, a tankin fetur saboda wannan dalili.

Sanadi na biyu yana farawa ne daga wuta. Kwayil ɗin RX-8, wato na'urorin da suke tura wa fulogi wuta, suna aiki tuƙuru, tunda kowane rota yana buƙatar wuta a duk juyi ɗaya na sandar tsakiya, ninki biyu na abin da silindar injin fistan mai bugu huɗu take buƙata, kuma sukan raunana a hankali ba tare da direba ya lura ba. Raunin wuta yana barin fetur bai ƙone ba, fetur ɗin ya wanke mai daga bango, ya ƙara kunkunniya, sauransa ya tafi ya ƙone a cikin katalis, wato matatar hayaƙin da ke bututun salansa, har ta narke ta toshe, zafi ya dawo kan ƙofar hayaƙi ya gasa sifirin matosan gefe. Abin lura shi ne mataccen kwayil da toshasshiyar katalis suna haifar da wahalar tashi, da gargada a sulo, da rashin ƙarfi, alamomin da ake ɗora wa raunin matsi, saboda haka duba su yana gaban zargin inji, kuma kuɗinsu bai kai kusa da na sauke shi ba. A injinan RX-7 masu turbo kuwa babban makashin matoshin tsini shi ne fashewar fetur kafin lokacinta, wadda ƙarancin fetur a cakuɗe ko fetur maras inganci ko ƙara ƙarfin turbo ba tare da gyara lissafin kwamfuta ba yake jawowa, kuma bugu kaɗan sun isa su tsinke ƙarfe mai kaurin milimita 2. Ƙurar da ta wuce yagaggiyar matatar iska ita ma tana cin matosai da kurom a hankali.

Hukuncin ƙarshe ya bambanta gwargwadon tsarin da aka gani. Injin da lambobinsa shida suka sauka tare zuwa bakin ƙa'ida, amma yana tashi da zafi, yana iya ci gaba da aiki na tsawon lokaci idan an gyara wuta, an tabbatar da mai, an kuma riƙa maimaita awo domin a ga saurin saukarsa. Wanda ya nuna biyu ƙasa ɗaya sama bai kamata a sake tayar da shi ba, domin kowane zagaye ɓarɓashin ƙarfe yana ƙara karce bango da fuskar rota, a RX-7 ya fita ya lalata fukafukan turbo, a Renesis kuma, da ba shi da ƙofa a bango, ya daɗe yana yawo a ciki. Gidan rota ba a faɗaɗa raminsa a saka babban matoshi kamar yadda ake yi wa silinda, da zarar kurom ya ɓare ko ya yi zurfin karce sai dai a nemi wani, kuma shi ne ɗaya daga cikin sassa mafi tsada a aikin. Sabon haɗi ba ya ba da cikakken matsinsa a ranar farko, musamman idan an mayar da tsohon gida, sai matosai sun goge sun zauna da bango bayan an yi tafiya da shi a hankali, don haka awon da za a riƙa komawa gare shi nan gaba shi ne wanda aka yi bayan wannan zama, a rubuce da lambobi shida, da saurin juyi, da zafin inji, da garin da aka yi shi. Kafin a rufe bonet kuma sai an gwada famfon mai da kwayil da katalis da lagireto ɗaya bayan ɗaya, domin wanda ya kashe tsofaffin matosai a cikinsu yana nan a jikin motar idan ba a canja shi ba.